Abin da Na Yanke a Kaset ɗin Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a irin garinmu ya san abin da hakan yake nufi. Uwarka ba ta faɗin sunanka. Ba ta ɗaukar ka a gaban mutane, ba ta yi maka wasa. In ka faɗi ka fasa baki sai ta kau da kai, ta jira wata ta zo ta ɗaga ka. Kunya ake ce wa abin. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata, can na girma, gida uku ne tsakanina da Inna amma kamar gari uku. In za ta yi maganata sai ta ce "wancan", in kuwa da ƙannena take sai ta ce "yayanku". Na haura hamsin yanzu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba ko sau ɗaya. Mutane suna cewa ai al'ada ce, a zuci tana sonka. Ni ban taɓa shiga zuciyarta ba. Abin da kunnena ya ji shi na sani.

Mu uku ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa: ni, sai ƙanwata, sai Auta, wanda na ba shekara goma sha tara. A aji huɗu na bar makaranta, na yi dako, na yi tura baro, da na kai ashirin na bi 'yan Umara na maƙale a Jidda. Ranar da zan tafi Inna ba ta fito daga ɗaki ba. Ƙullin yaji ta aiko mini ta hannun kakata.

Lokacin babu waya a hannun kowa. In kana son magana da gida sai ka sayi kaset, ka zauna gaban rikoda, ka danne maɓalli biyu tare, ka yi ta zuba. In ka gama ka ba wani alhaji mai komawa. A can kuma a taru a tsakar gida a saurara, a ɗauki amsa a aiko. Shekarata ta farko na cika kaset guda, gaba da baya, minti casa'in, duk da Inna nake magana. Na rubuta sunana a jiki, na ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Amsar da ta zo muryar kawuna ce, yana ba ni labarin damina da farashin gero. Inna tana wurin, don na ji tarinta a baya sau biyu. Ba ta ce komai ba.

Auta kuwa a cinyarta ya girma. Har ya fara gemu a kwano ɗaya suke cin tuwo. Injin niƙa ta sa aka kafa masa a ƙofar gida don kada ya yi nisa da ita. Ni a lokacin an daɗe da koro ni daga Jidda, na yi gadi a Kano shekaru, har na samu hanyar Doha, nan ma gadin. Da Auta ya fara damuna a waya yana son zuwa, na ce ya je ya tambayi uwarsa. Ta ce a'a, ɗaya ya tafi, ya isa. Ya matsa, ta ƙi. Ƙanwata ta ce ranar har ya ɗaga murya, ya ce mata shi ba zai ruɓe a gindinta ba. Bayan sati biyu ya ce zai je Kano sayen kayan gyaran inji, sai ganinsa na yi a Doha.

Direban gida ya samu a unguwar Madinat Khalifa, yana kai yara makaranta, yana kai madam kantuna. Tun daga ranar Inna ba ta sake yi masa magana ba. In ya kira ƙanwata ta miƙa mata waya, sai ta juya fuska bango. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi da farko. Daga baya na gane fushin ma wani gata ne. Ni da na tafi ai ba ta yi fushi ba.

Sai korona ta zo aka rufe duniya. A daminar shekarar farko ta kulle Inna ta rasu, ba cutar ba ce, tsufa ne da ciwon ƙirji. Babu jirgi, babu hanya. Ina Umm Salal a masaukin kamfani, Auta yana Madinat Khalifa, kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi, ya hana shi ko leƙa ƙofa don kada ya kwaso musu cuta. Ta waya muka yi wa juna gaisuwa. Kuka yake kamar mace, tambaya ɗaya yake ta maimaitawa, ko ta ce wani abu a kansa kafin ta cika.

Ƙanwata ce ta ba mu labarin kaset. Ta ce kwana uku kafin rasuwar Inna ta sa aka ɗauko tsohuwar rikodarta daga ƙarƙashin gado, aka sayo batir, ta kori kowa ta rufe ƙofa. Da ta buɗe sai ta miƙa mata kaset naɗe cikin ɗankwali, ta ce a ba yayanku hannu da hannu, kada wani ya saurara kafin shi. Ƙanwata tana da irin tsoron Allahn nan da ya kusa zama wauta, ba ta saurara ba. Rikodar ma wajen rabon kaya ta faɗa hannun wata gwaggonmu, jikokinta suka ɓarke ta. Ƙanwata ta ƙi ba 'yan aike kaset ɗin, ta ce hannu da hannu aka ce. Haka kaset ya kwanta cikin kwallarta sama da shekara biyu, Auta yana ramewa a nan. Duk Juma'a sai ya tambaye ni ko an samu mai zuwa. Ya ce shi ba gado yake nema ba, ba komai ba, ya dai ji ko ta yafe masa. Ya ce in ba ta yafe ba bai san amfanin sallar da yake yi ba.

A cikin kullen nan ne na koyi aikin kaset. Ginin da nake gadi an rufe shi, mu shida a ɗaki muna kallon juna. Akwai wani mutumin Kumasi, ɗan Zango, gadonsa yana saman nawa. Hausarsa irin tasu ce, ba ruwansa da mace ko namiji, sai ka ji ya ce uwata ya kira ni. Muna yi masa dariya, shi kuma ya ce mu 'yan Najeriya surutu ya yi mana yawa shi ya sa muke buƙatar kalmomi biyu inda ɗaya ta isa. Yana da kwali cike da tsofaffin kaset na babansa, wa'azi da karatu da kiɗan bukukuwansu, ya kuma sayo wata 'yar na'ura kamar tafin hannu. Ka sa kaset a ciki, ka jona wayarta da kwamfuta, ka danna, muryar ta riƙa shiga tana zama fayil. Ba a gaggawa da ita. Kaset ɗin minti casa'in sai ka zauna minti casa'in, in wani ya taɓa wayar a sake daga farko.

Shi ya koya mini goge kan na'urar da auduga. Da farko da sanitaiza muka gwada, tunda ita ce ko'ina a lokacin, mai kaurin nan, ta danƙare ta cinye mana wa'azi guda. Daga nan muka koma wa mai ruwa-ruwa. Ya koya mini juya kaset da biro kafin a saka, don zaren da ya shekara a kwance yana mannewa. In zare ya tsinke, a haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce. Wanda ya yi funfuna a shanya shi a inuwa, a bi shi da tsumma a hankali.

Amma abin da ya kama ni shi ne yanka. In murya ta shiga kwamfuta tana fitowa a allo kamar ƙayar kifi, inda aka ɗaga murya ta yi tsawo, inda aka yi shiru ta kwanta. Ka ja ka shata wurin da ba ka so, ka danna, ya tafi, bakin biyu su haɗu kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba. Na cire tarin malami, na cire carar zakara, na cire wata mata da ta yi ta kiran ɗanta a tsakiyar tafsiri. Cikin wata guda na fi mai na'urar iyawa. Ni da ban gama firamare ba, sai ga mutane daga wasu ɗakuna suna kawo mini kaset. Mutumin Kumasi yakan tsaya a bayana ya ce, Massa, wannan hannun naka a ajiye shi nesa da takardar gado.

Ana gab da fara gasar kofin duniya aka kwaso direbobin bas daga ko'ina, a cikinsu har da wani ɗan garinmu. Shi ne ƙanwata ta yarda ta ba, don ta san shi. Na same shi a wani gidan abinci a Ain Khaled, ya ciro ƙullin daga aljihun ciki ya ɗora mini a hannu, ya ce ya sauke amana. Na roƙe shi kada ya gaya wa Auta tukuna, na ce ina so in gyara in ba shi kwatsam. Ya ce wallahi hakan ya yi kyau.

Lokacin gari ya cika. An ɗauke mu daga gini an kai mu bakin hanyar filin wasa, awa goma sha biyu a tsaye da riga mai ɗaukar ido, muna nuna wa Turawa masu fenti a fuska inda za su bi. Kwana shida ƙullin yana cikin akwatina. Ranar hutuna da hantsi, ɗaki ba kowa sai ni da mutumin Kumasi, na kwance ɗankwalin.

Kaset ɗina ne. Ga sunana da rubutuna na ɗan aji huɗu, ga Jidda a ƙasa, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Ramukan nan biyu da na ɓalle wa haƙora an cusa musu guntun tsumma, an danna sosai da tsinke. Ta san abin da take yi. Rikoda ba ta ɗaukar magana a kan kaset mai rami, sai an toshe.

Na juya shi da biro, na goge na'ura, na saka. Ban sa iyafis ba, ta sifikar kwamfuta muryar ta fito. Shuuu na ɗan lokaci, sai numfashi, sai sallama. Muryar ta tsufa ta yi siriri, amma ita ce. Kalmar farko bayan sallama, Auta.

Inna ba ta yafe laifi sai ta shimfiɗa shi tukuna, kowa ya san ta da haka. Ta faro tun daga cikinsa, yadda ta yi wata huɗu ba ta iya tsayuwa. Ta zo kan ƙyandar da ta kusa kashe shi, ta ce ita ta san dararen da ta yi a zaune. Ta zo kan injin niƙa. Ta maimaita maganar da ya faɗa mata, kalma bayan kalma, ta ruɓewa a gindinta, sau biyu ta faɗe ta. Ta ce ya dube ta ya ce Kano za shi, har ta ba shi saƙon barkono. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Minti goma sha ɗaya tana yi. A ƙarshe ta ce, "Kwana uku ban sa komai a bakina ba, kai kuwa kana cikin jirgi. Ko kare aka raina a gida, in zai bar gidan yana waiwayowa."

Sai shiru. Ana jin akuya a waje, ana jin ta ɗauki moɗa ta sha ruwa ta ajiye. Sannan ta ce, "To, na faɗa na huce. Na yafe maka, Auta, duniya da lahira. Nonon da ka sha halal ne. Kada ka sa abin a ranka, ka ci abinci, ka riƙe salla. Allah ya yi maka albarka, Auta, ya ba ka masu yi maka. Yayanku zai kai maka wannan."

Ƙas, ta kashe rikoda. Ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba sai ga wata murya ta faɗo daga tsakiyar magana, muryar yaro, da sauri yake yi kamar ana kora shi: yana cewa kuma Inna na saya miki darduma mai laushi, in an samu mai zuwa zan aiko, kuma Inna abincinsu ba yaji amma naki yana nan ina ci kaɗan kaɗan. Sai da na ɗan jima kafin na gane ni ne.

Minti goma sha biyun farko na abin da na faɗa mata, gaisuwar da na kwana uku ina shiryawa, su ta shafe ta ɗora maganar Auta a kai. Ni kuma wuri ɗaya na fito a bakinta, a matsayin ɗan aike.

Mutumin Kumasi yana share ido da gefen zaninsa. Ya ce in duba fa, shekara talatin uwata ya ajiye wannan kaset kusa da kansa, wa yake ajiye abin da bai so? Na ce ta ajiye shi kamar yadda take ajiye tsohon buhu, don wata rana zai yi amfani, ga shi kuwa ya yi. Ya ce a zamanin nan ina tsohuwa za ta samu sabon kaset a ƙauye? Na ce akwai na wa'azi fal a ɗakinta. Ya ce to wa zai shafe wa'azi? Na ce ka ga ni ke nan, ni ake shafewa. Ya buɗe baki zai ƙara, na ce masa uwarsa tana raye, in ta mutu ya zo mu yi wannan hirar.

Na bar kaset ya ƙare, gaba da baya, na ajiye fayil. Washegari da mutumin Kumasi ya tafi aiki na ce ba ni da lafiya, na zauna. Ba zan ce Shaiɗan ba, don ban ji wani ya raɗa mini komai ba. Na buɗe fayil, na nemo inda ƙayar kifin ta kwanta bayan maganar kare, na shata daga nan har ƙarshe, na cire. Na saurara, sai na ji bai yi ba, maganar ta yanke kamar an fizge. Duk wanda ya san rikoda zai nemi ƙarar maɓalli. Sai na koma na ɗauko ƙas ɗin nan nata na gaskiya, na kawo shi na liƙa bayan kalmar waiwayowa, na bar numfashi ɗaya a tsakani, na bi shi da shuuu na daƙiƙa biyar. Na saurara sau uku. Ko ni da na yi, na ji kamar nan ta tsaya ta kashe.

Saura kaset ɗin kansa. Na juya shi da biro har daidai wurin, na zaro zaren, na yanke da reza. Maganar yafiyar duka kamu huɗu ce, na auna da hannuna. Na dunƙule ta na jefa a masai na kora ruwa. Sauran na zaro shi waje na cukurkuɗa, na zuba cikin leda.

Ranar Juma'a na je Madinat Khalifa. Bayan an sauko daga masallaci na ce wa Auta saƙo ya iso.  Ya ja ni cikin motar madam, wata ƙatuwa mai kujerun fata, ya kunna sanyi, na tura masa fayil ɗin a waya, ya haɗa da sifikar mota. Har sau biyu yana danna wani abu daban.

Muryar Inna ta fito ta ƙofofi huɗu. Da ta ce Auta, ya amsa. Wallahi ya amsa, ya ce na'am Inna. Daga nan bai sake motsi ba. Yana riƙe da sitiyari, ni ina kallon wasu yara sanye da rigunan ƙwallo suna wucewa da tuta. Da ta maimaita maganar ruɓewa ya sunkuyar da kai. Na san yana jira, don shi ma ya san halinta, ya san in ta gama shimfiɗawa tana naɗewa. Ta zo kan kare. Numfashi. Ƙas. Shuuu.

Ya duba wayar, ya ga layin ya kai ƙarshe. Ya ja baya kaɗan ya sake saurara. Ya sake.

"Yaya, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Bayan kaset ɗin fa?"

Na ce bayan tsohuwar maganata ce ta Jidda, ba abin da ya shafe shi. Ya ce ko batir ne ya ƙare mata. Na ce ai ka ji ƙarar maɓalli, da hannunta ta kashe. Ya ce in ba shi kaset ɗin ya kai wa wasu masu gyara, ko akwai abin da na'urarmu ba ta kama ba. Na miƙa masa ledar, na ce Allah ya taimake mu na riga na kwafe kafin na'ura ta cinye shi. Ya buɗe ya ga zaren a cukurkuɗe, ya sa yatsa ya taɓa a hankali kamar mai taɓa ciwo. Sannan ya yi mini godiya. Ya ce na sha wahala, Allah ya saka. Ya mayar da ni har Umm Salal, bai karɓi ko sisin mai ba, muna tafe ya sake kunnawa daga farko.

Da na shiga ɗaki mutumin Kumasi ya tare ni da fara'a, ya ce yaya ƙanenka, ya samu sanyi? Na ce ya ji abin da ya kamata ya ji. Ya dube ni. Ya buɗe kwamfutarsa, don a nan na yi aikin, ya ga fayil biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ya saurari ƙarshen gajeren. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ba shi lambar yaron, na ce ƙanena ba shi da ɗan'uwa a Kumasi. Tun kafin in fita na riga na kwashe abin da ke cikin dogon na goge nasa, abin da ya gani suna ne kawai, ciki babu komai. Ya naɗe wayar na'urarsa ya kulle a akwati. Tun daga ranar bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba, in na shigo da sallama a ciki yake amsawa. Ana gama gasa kwangilarsa ta ƙare ya koma ƙasarsu, bai yi mini sallama ba.

Auta kuwa bai daina saurara ba. Na ɗauka zai ji sau ɗaya ya goge, ashe shi murya ce ta Inna, ko zagi ne yana so. Ya haddace ta. In muna waya sai ya jawo wani wuri ya ce, Yaya, ka ji inda ta ce ta ba ni saƙon barkono, kamar muryarta ta yi laushi a nan, ko? In ce ban lura ba. Madam ta kai ƙara wurin mijinta, ta ce direba yana kunna muryar wata tsohuwa yana hawaye alhali yara suna mota. Aka yi masa kashedi. Bayan sati biyu ya goga motar a shataletale, ba wani abin kirki ba, fenti ne. Kafil ya ce khalas, wato aiki ya ƙare. Ko wata biyu ba a yi da gama gasa ba aka sa shi a jirgi.

Yana gida yanzu. Ƙanwata ta ce injin yana nan a rufe, bai ko ɗaga buhun da aka lulluɓe shi da shi ba. Kullum da safe yana maƙabarta. Ya bi malamai, kowa ya ce ya yi mata sadaka ya yi ta addu'a, Allah mai rahama ne, shi kuma ya ce ya sani, amma ba Allah ya faɗa wa maganar ruɓewa ba. An yi masa maganar aure ya ce wace za ta auri wanda uwarsa ta haɗa da kare. Ƙanwata ta kira ni, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ita dai abin bai yi mata kama da Inna ba, ranar da ta fito daga ɗakin nan fuskarta a sake take, har fura ta nema. Ta ce, Yaya, ka tabbata babu saura? Na ce shekara biyu yana cikin kwallarki, me ya hana ki saurara? Ba ta sake tayar da maganar ba.

Daƙiƙa arba'in ɗin nan na yafiyar suna wurina. Na raba su daban, na yi musu ɗan aiki. Sau biyu ta ce Auta a ciki, na cire duka biyun, na cire maganar ɗan aike ta ƙarshe. Abin da ya rage, na yafe maka duniya da lahira, nonon da ka sha halal ne, ka ci abinci, Allah ya yi maka albarka. An mayar da ni gadin gini, wurin shiru ne, in rana ta take ba mai shiga ba mai fita, sai in sa iyafis. Aikin ya yi kyau, duk wanda na ba ya ji zai rantse da ni take. Ni dai na san wurin. Bayan na yafe maka akwai inda numfashinta yake tsalle, ɗan kaɗan, ƙasa da ƙiftawar ido. Na gyara shi ya fi sau ashirin, har yanzu ina jin sa.

Makon jiya Auta ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce wani ya gaya masa yanzu kwamfuta tana iya wanke shuuu ɗin kaset, ta fito da maganar da ke ƙasa. Ya ce wannan na ƙarshen, bayan ta kashe, shi in ya ƙure ƙara yana jin kamar akwai wani abu a ciki. Ya roƙe ni don Allah in duba masa, tunda ni na iya.

Na ce masa aiki ya yi yawa yanzu, in na samu lokaci zan duba.